Mabiyiyata a Hannun Yafendo Habi

Duk wadda ta taɓa haihuwa a danginmu, daga Roni har Kazaure, ta san abin da ke biyo bayan sallamar Yafendo Habi. Mutane su shigo barka, a miƙo musu jariri, a yaba hanci, a yi gardamar wa ya ɗebo. Ita ko kallon zanin goyon ba za ta yi ba. Za ta aje jaka, ta gyara tabarau, ta dubi mai jego ido cikin ido ta ce, "Ina mabiyiyar? Ta fita duka? Wa ya duba?" A gaban surukai fa! Abin da ko ungozoma sai ta rage murya kafin ta ambata, ita da shi take buɗe baki. In aka ce ai tuni an wanke an binne a bayan ɗaki, sai ta tafa hannu.

"Kun kyauta! Ita ta ciyar da shi tun yana gudan jini, ita ta yi masa numfashi, ita ta kwashe masa ƙazanta. Ya fito an tanadar masa rago, ita an ba ta rami. Ko sannu babu."

Sai ta gama wannan sannan ta leƙa fuskar yaron ta ce, "To, kai ma sannu."

Raina a ɓace nake rubuta wannan, gara in faɗa muku tun yanzu. A zaman makokinta na zauna ina jin abin mamaki. "Farfesarmu." "Fitilar dangi." "An yi babban rashi." Daga bakin su wa? Daga bakin waɗanda suka shekara suna ce mata mayya, waɗanda in ta shigo gida suke janye 'ya'yansu zuwa ɗaka. Har Kawu Sale, yayanta, ya miƙe a cikin maza yana cewa tun tana ƙarama ya hango za ta yi nisa. Kawu, Allah ya ƙara maka girma, amma ina wurin ranar da ka ce boko ya taɓa mata kai. Ni ba zan yi mata kwalliyar da ba ta yi wa kanta ba. Mace ce mai taurin kai, mai maƙo, mai ban haushi, kuma babu wanda ta ba wa haushi kamar ni.

Saboda sababbin surukai da yaran da suka taso daga baya, bari in yi bayani. Yafendo ƙanwar mahaifiyata ce. Mahaifiyata Zulai, wadda Yafendo ke kira Adda, ta rasu ranar da ta haife ni. Cikin fari ne, ta koma gidan iyayenta a ƙauyenmu na bayan Roni goyon ciki, jijjiga ta kama ta, aka fito da ni da rai ita babu. Na tashi a hannun kakata ina jin magana ɗaya tana bina: ita ta ci uwarta. In na fasa tulu, a faɗa. In na yi ƙiba, a faɗa. In wata ta ga ina wasa da jaririnta, ta ɗauke shi ta faɗa a hankali, yadda zan ji. Babu babba ɗaya a gidan da ya taɓa zaunar da ni ya ce ba haka ba ne. Na girma, na yi aure a Kazaure, na haifi nawa, na buɗe shagon ɗinki, amma tambayar ba ta bar ƙirjina ba. Ni ce na kashe ta?

Yafendo tana 'yar sakandare aka yi wannan rasuwa. Daga nan ta kama karatu kamar mai faɗa da shi. Ta tafi ƙasar waje ta daɗe, ta dawo da furfura da mayafi ɗaya ruwan ƙasa wanda kuka san shi, wanda ya halarci bikin kowa a cikinku. Ta yi aure sau ɗaya. Mijin ya ce ta zaɓa tsakaninsa da aikinta, ta ce masa ina ma ya kawo tambaya mai wuya. Ta sami ɗakin gwaje-gwaje a wata jami'a a Kano, amma ta ƙi zama a can, wai hayan birni ɓarna ce. Kullum daga Kazaure take shiga motar haya ta je ta dawo. Ganyen shayi na 'yar jaka kuwa, in ta jiƙa sai ta shanya a igiya tare da wanki, gobe ma ya yi aiki.

Wata ranar kasuwa ina kan keken ɗinki, shago cike da mata, sai ga ta da akwatin sanyi a hannu.

"Ladidi, miƙo hannu. Jininki nake so."

Matan suka fara tattara ledojinsu. Na ce, "Yafendo, ina kwana ma ba za a yi ba?"

"Mun kwana. Saurara, sau ɗaya zan faɗa. Jikinki ƙwayoyin halitta ne ƙanana, kowacce ta riga ta kama sana'arta. Wannan jini, wannan fata, wannan ƙashi. To an gano yadda ake mayar da ƙwaya baya, ta manta sana'arta, ta koma kamar farkon halitta lokacin da za ta iya zama komai. In na mayar da naki baya, sai in lallaɓa su su zama mabiyiya."

"Mabiyiyar wa?"

"Taki mana. Mutane na ɗauka mabiyiya ta uwa ce. Ta ɗa ce. Daga ƙwai ɗaya kuka fito ke da ita. Kuma jijjigar masu ciki daga wajenta take tasowa."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Abin da tsofaffin ƙauye ke faɗa da raɗa, ga mai digiri ta zo har shagona ta faɗa da rana tsaka. Na ce, "Wato ke ma kin yarda ni na kashe ta."

"Ban ce ba. Na ce zan tambaye ta."

"Ki tambayi wa? An binne ta tun mulkin soja!"

"Waccan aka binne. Zan yi wata. In kin ƙi kin ƙi, ba dole, jininki ne."

Don haushi na miƙa hannun, ba don komai ba. Na ce ta ɗiba duka in ta ga dama. Ta ɗibi ɗan kaɗan, ta manna min auduga, ta ce wanda aka ɗebi jininsa ya kamata ya sa wani abu mai zaƙi a baki. Na zaci lemon kwalba za ta aika a sayo. Ta laluba jaka ta fito da dabino guda ɗaya, ta raba biyu, ta cinye rabin da ya fi tsoka.

Ashe ba a nan zan tsira ba. Ta ce nawa kaɗai ba zai nuna komai ba, sai ta sami wasu irina, waɗanda jijjiga ta ɗauke uwayensu a wajen haihuwarsu, da kuma waɗanda aka haifa lafiya, don ta gwada ta ga bambanci. Ta kuma ce ni zan riƙa raka ta, wai fuskata ta fi tata kwantar da hankali. Muka shiga Gwiwa, muka shiga ƙauyukan Roni a kan acaɓa, ita a gaba da akwatin sanyi, ni a baya ina neman inda zan sa fuskata. Mace mai furfura, ba miji ba ɗa, tana yawo gida gida tana tambayar wa uwarsa ta mutu, ta kuma nemi jini. Me kuke so mutane su ce? Sunan mayya daga nan ya samo asali, kuma wallahi da rabona a ciki, don har yau akwai gidan da ba a kawo min ɗinki.

A karar Babura muka sami wani dillalin shanu, Alhaji Mamman, ƙato, irin wanda ke kama bijimi ta ƙaho ya durƙusar da shi. Shi ma uwarsa a haihuwarsa ta tafi. Yafendo ta yi masa bayani a ƙarƙashin rumfa, dillalai sun kewaye mu. Ya shafa gemu ya ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, ba Nijar za ki tsallaka da shi ki mayar sefa ba?"

"Alhaji, in da jini na sayuwa haka, da mahautan garin nan sun fi ka kuɗi."

Aka yi dariya. Sannan ya ce shi bai taɓa ganin ko hoton uwarsa ba, in dai don ita ne a ɗiba. Ya naɗe hannun riga yana ce wa abokansa su matso su ga yadda maza ke yi. Allura na taɓa fata ya sulale daga kan benci kamar buhun gero. Aka yi ta fifita, aka yayyafa ruwa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya, da 'yar murya, shi ne, "Hajiya, da saura a jikina?"

"Tashi, Alhaji. Sauron Babura ya fi ni ɗiba, kuma shi ba ya neman izini."

Daga lokacin da ƙwayoyin nan suka fara rayuwa a ɗakin gwajinta, dangi suka rasa Yafendo. A cikin wasu 'yan farantai masu murfi take renon su, a akwatin ɗumi irin na ƙyanƙyasar ƙwai, cikin wani jan ruwa mai kama da zoɓon da aka tsinka. Ruwan ne abincinsu, kuma kullum sai an canja shi. Ba Juma'a, ba Sallah, ba biki, ba mutuwa. Yarana, haka take ce musu. A ɗaura aure, kafin a raba goro ta miƙe: "Yarana ba su ci ba." A yi rasuwa, ta yi gaisuwa a tsaye: "Yarana." Tana da ɗalibai da za su iya yi, amma ta ce hannunsu nauyi gare shi. Matar da ba ta taɓa saya wa ɗan wani alewa ba, albashinta kaf a kan jan ruwan nan yake ƙarewa.

Ranar sunan autana ce ta kai ni bango. Zafi ake kamar me, ba wuta, mijina Baban Hanifa ya tayar da janareta don firjin zoɓo da fankokin mata. Gida ya cika, ƙawayena sun sha anko, ni ina ɗaka na ci kwalliya. Sai na ji ɗif. Fanka ta tsaya. Na leƙo ta taga, me zan gani? Yafendo ce da wani direban a-kori-kura suna ɗaga janaretan, ita ta kama gefe ɗaya da mayafinta a ɗamare. An yi mata waya daga Kano cewa an ɗauke wuta, injin wajensu kuma ya ƙi tashi, akwatin ɗumi ya fara hucewa.

Baban Hanifa, bawan Allah mai kunyar surukai, ya rusuna ya ce, "Yafendo, ai ana cikin taro."

"Na gani. Kama can, ka fi shi ƙarfi."

Kuma ya kama! Da hannunsa ya taya aka ɗora janaretansa a mota. Na fito ba ko takalmi, na ce, "Yafendo, sunan ɗana ake yi! Jaririn ma zafi zai dame shi!"

Ta riga ta shige gaban mota. Ta leƙo ta ce, "Wannan yana da uwa mai nono da mafici. Waɗancan ni kaɗai gare su. Kuma naki ne su ma, ki daina nuna bambanci."

Zoɓo ya yi ɗumi, ƙanƙara ta narke, mata suka watse tun kafin la'asar suna fifita da murfin kwano. Har yau in aka tashi kwatance a unguwarmu sai a ce shekarar sunan da aka sha zoɓo mai zafi. Janaretan ya dawo bayan kwana biyu, tanki a bushe ƙaraf, da saƙon cewa a duba fulogi, yana ɓata mai.

Duk wannan wahala, abin ya daɗe yana ƙi mata. Ƙwayoyin su koma baya lafiya, amma in ta ce su zama mabiyiya sai su mutu, ko su zama wani abu daban da ba ta aike su ba. Takan zo shagona ta zauna ta zuba min ido ta ce, "Taurin kan nan na san inda suka gado shi." Ni kuwa ban taɓa tambayar ta me ta gani ba. Tsoro nake ji. Duk ranar da na ga ta nufo shagon da sauri sai in ce yau za ta faɗa.

Sai kuma mai kemis ɗin bakin tasha ya gaya wa matarsa cewa Hajiya Farfesa na sayen tsinken gwajin ciki kwali guda. Matar ta gaya wa mai kitso. Kun san sauran. Magana ta je Roni ta dawo kafin mu ji. Ana cikin wannan ƙus-ƙus aka yi Babbar Sallah, dangi duka muna gidan Kawu Sale, mata a tsakar gida ana suya, maza a zaure. Yafendo ba ta iso ba sai da rana ta karkata, don ta je ciyar da yaranta. Ta shigo fuska wasai, abin da ban taɓa gani ba, ta ɗaga wani farin tsinke sama kamar mai shela.

"Alhamdu lillahi! Ya kama! Layi biyu!"

Matar Kawu ta saki matsami a cikin mai. Wata ta fara salati. Aka kira Kawu daga zaure, ya shigo yana gyara hula, ya dubi tsinken, ya dubi furfurarta.

"Habiba, ki ji tsoron Allah. Shekarunki nawa?"

"Kai ka riga ni, Yaya, ka lissafa."

"Ba wasa nake ba! Na waye?"

"Na Ladidi ne."

Idanun gidan nan duka suka juyo kaina. Ga autana a cinya, ko zama bai fara ba. Matar Kawu ta riƙe haɓa ta ce, "Kwanika? Haba Ladidi, da girmanki!" Daga zaure muka jiyo Baban Hanifa ya ƙware da ruwa yana ta tari. Na miƙe ina rantsuwa, "Wallahi tallahi ba ni da komai!"

"Ke ba ki da komai," in ji Yafendo, ko a jikinta. "Farantinki ne."

Kawu ya nemi turmi ya zauna a kai. "Inna lillahi. Faranti ya yi ciki?"

"Ba ciki ba ne, Yaya. Babu ɗa, kuma ba za a taɓa samun ɗa a ciki ba. Abin da tsinken nan ke kamawa a fitsarin mai ciki, mabiyiya ce ke yin sa. Na tsoma shi a ruwan da suke ciki, ya nuna. Wato sun zama mabiyiya ke nan da gaske. Shekara da shekaru nake jiran layin nan na biyu, ku kuma kun tsaya kuna salati."

Kawu ya gyara zama a kan turmin. Can ya ce, "To in dai mabiyiya ce, a kawo ta a wanke a binne kamar yadda aka saba. Ba a barin irin wannan a fili."

"Ka sa a faɗaɗa ramin, don tare za ka binne mu."

Bayanin bai fita daga gidan ba, amma labarin layi biyu ya fita. Bayan 'yan watanni wata tsohuwa daga Gwiwa ta aiko mata da kayan barka, sabulu da zanin goyo. Na ce ta mayar, ta wanke sunanta da nawa. Ta mayar da zanin, ta riƙe sabulun, wai sabulu sabulu ne.

Sau ɗaya ta kai ni ɗakin gwajin na gani. Ta sa min farar riga, ta hana ni numfashi da ƙarfi, ta ce in sa ido a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Na ga wasu 'yan dunƙule manne da juna kamar daɓen ƙasa da ya tsattsage. Shi ke nan. Abin da na yi rayuwata ina tsoro ke nan, ko cikin cokali bai kai ba. Ta ce, "Ki gaishe ta mana, tare kuka zo duniya." Ban gaishe ta ba. Na fita waje na zauna a kan dakali har ta gama.

Da ciwo ya kwantar da ita bara, ni na ɗauko ta na kawo gidana, don duk masu cewa fitilar dangi yanzu, a lokacin kowa ɗakinsa ya yi masa kaɗan. Jinyar Yafendo sai mai haƙuri. Ta ƙi kunu wai na cika sukari, ta ƙi fanka wai ɓarnar wuta, kuma da gari ya waye sai ta kira ɗalibanta tana faɗa da 'yar muryar da ta rage mata: an ba su abinci? Wa ya ba su? Ya wanke hannu? Na ga tana ƙarewa a gabana, na san in ban tambaya yanzu ba, da tambayata za a binne ta. Wata la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa, na ce ba tare da na ɗago ba, "Yafendo, kin ce za ki tambayi mabiyiyata. Me ta ce?"

Ta gyara murya. Sannan ta ce, "Na rage mata iska, na ƙara mata. Na jera ta da ta Alhajin Babura, na jera ta da ta waɗanda uwayensu ke raye. Yau ta yi kamar tana da abin faɗa, gobe ta tashi lafiya lau kamar ta kowa. Ban gama ba, kuma ba ni zan gama ba. Ɗalibaina za su ci gaba. Ba zan yi miki ƙarya in ce na kama ta, ba zan ce na wanke ta ba."

Na saki ƙafar. Na miƙe tsaye. Na ce, "Amsar ke nan? Jinina, mutuncina, yawon ƙauye, sunan ɗana da kika watsa, duk don ki ce min ba ki sani ba?"

"Zauna. Abin da faranti ya ce kika tambaya, na gaya miki. Ba ki tambayi abin da idona ya gani ba."

Na zauna.

"Ciwon nan, ko daga ina ya taso, yana sallama kafin ya shigo. A gidanmu kwana da kwanaki ya yi yana sallama. Ƙafar Adda ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, aka ce alamar ɗa namiji ce. Kanta na sarawa, ta ɗaure shi da ɗankwali ta ci gaba da surfe, don kada a ce 'yar gidan nan ta yi raki a cikin fari. Innarmu ta gani ta kau da kai, don uwa ba ta maganar cikin fari da 'yarta. Yaya Sale na da sabon babur a zaure, asibiti na nan Kazaure, amma namiji ba ya tambayar cikin ƙanwarsa. Ni ta gaya wa tana ganin wuta-wuta a idonta, ta ce in na faɗa ba ni ba ita. Na yi shiru. Gida cike da manya masu ido da baki da ƙafa, Ladidi. Da ta mutu muka rasa wanda za mu ɗora wa, sai ke, don ke kaɗai ce a gidan ba ki iya magana ba."

Ta numfasa ta ce, "Ba ke ba ce. Wannan ba sai na sa a madubi ba."

Ku ce min na yi godiya? Ban yi ba. Ihu na yi mata, tana kwance ba ta iya ko juyi. Na ce, "Kin sani tun ina cikin tsumma, kika bar ni na tsufa da wannan abu a wuya?"

"Shaidar da ba mai musawa na so in kawo miki. Na ɗauka in da baki na faɗa za ki ce lallashi ne."

"Da kin lallashe ni ɗin! Lallashin nake nema!"

"Ban iya ba," ta ce.

Na kifa kai a gefen katifar ina kuka kamar yarinya. Can na ji hannunta a kaina. Tunda nake ba ta taɓa ɗora min hannu a ka ba. Ta bar shi a wurin, ba nauyi ko kaɗan, ta ɗan shafa, sannan ta ce, "Kitson nan ya tsufa. Ki je a sake miki, amma ba wajen waccan mai surutun ba."

Ba na jayayya da ƙaddara. Na san kwanan mahaifiyata ne ya ƙare. Amma ƙaddarar ba ta ce a ɗora wa jaririya ba, wannan aikin mutane ne, kuma wasunsu suna karanta wannan rubutu. Kawu, ban faɗa don in tozarta ka ba, kuma ba haƙuri nake jira ka ba ni ba. Na faɗa ne don mace ɗaya ce tak a danginmu ta iya buɗe baki, ita ce kuma kuka kira mayya.

Tun ina ƙarama, duk sallar da na ɗaga hannu na yi wa mahaifiyata addu'a sai na ƙare da ki yafe min, Inna. Ba wanda ya koya min, ni na ga ya kamata. Magaribar ranar nan na idar da salla a gefen katifar Yafendo, na ɗaga hannu, na zo wajen kalmar, na ga ba ni da abin da zan yi da ita. Na yi wa uwata addu'a kawai, kamar yadda kowace 'ya ke yi wa tata.

Ya Allah, ga Habiba nan ta zo maka, ka fi mu sanin halinta. Ka yafe mata shirun da ta yi tana yarinya, ka duba abin da ta yi da sauran rayuwarta. Ka yalwata mata kabari, ka sanyaya shi, ka sada ta da Addarta cikin rahamarka. Amin.